Daga Ƙanƙarar Odesa Zuwa Yashin Kalgo: Tsanin da Ɗan Kokawarmu Ke Buƙata

  Ina gaida mutanen Gwandu da Dalijan da Kambaza. Ina gaida mutanen Kalgo da Diggi da Zuguru da Dangoma. Iyayenmu maza da ke zaune ƙofar gida, iyayenmu mata da ke aiki rediyo na gefe, samarin da ke majalisa, ku ba ni aron kunnuwanku. Yau maganar kokawa za mu yi. Amma za mu bi ta hanya mai nisa, ta ƙasar Yukiren, inda ake wasa a kan daskararren ruwa. Kada nisan ya dame ku, gida za mu dawo. Magana ɗaya nake so in tabbatar muku. Ƙarfi kaɗai ba ya yin zakara. Zakara sai da tsani, mataki bisa mataki. Kuma matakan ƙasa na wannan tsani su ne suka yi ƙaranci a wurinmu. Ku riƙe wannan kalma, tsani, don za mu yi ta komawa kanta.

Bari mu fara da kashi na farko, wato wasan kansa. Ana kiransa rawar kan ƙanƙara. Fili ne ake shimfiɗa wa ruwa a daskarar da shi da inji, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30. Ɗan wasa yana sa takalmi mai dogon wuya, an ɗaura masa siririn ƙarfe a ƙarƙashi. Kaurin ƙarfen nan bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba. A kansa mutum zai tsaya, ya yi gudu, ya juya, ya ɗaga abokin wasansa. Mutum biyu ke yi, namiji da mace. Alƙalai na zaune a gefe suna ba da maki: shin ƙafafunsu sun tafi tare, shin juyin ya yi daidai, shin an bi kiɗan. Babban zagayen wasan minti huɗu ne kacal. An shigar da shi gasar Olamfik ta lokacin hunturu a 1976. Olamfik kuwa ita ce babbar gasar wasanni ta duniya, wadda ke zagayowa duk shekara huɗu. Na san wani dattijo zai ce, "To mu ina ruwanmu da wannan?" Gaskiyarka, Baba. Ba rawar nake tallata wa kowa ba, kuma ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Lissafin shekarun da ke bayan minti huɗun nan nake so mu duba.

Kashi na biyu ke nan, labarin mutum biyu. Sunan macen Elena Grushina, an haife ta a 1975. Sunan namijin Ruslan Goncharov, an haife shi a 1973. Dukansu 'yan birnin Odesa ne, a bakin teku, kudancin Yukiren. Tun suna yara ƙanana suka shiga makarantar koyon wasan. Wajajen 1990 aka haɗa su su zama abokan wasa. Yanzu ku saurari yadda suka hau. A gasar matasa ta duniya ta 1992 sun zo na 4. Da suka shiga ta manya a 1994, suka koma can na 18. A Olamfik ta Nagano, ƙasar Japan, a 1998, sun zo na 15. Bayan shekara huɗu, a Salt Lake ta Amurka, a 2002, sun zo na 9. A 2004 suka samu lambar tagulla a gasar nahiyar Turai, wato matsayi na uku. A 2005 suka samu azurfa a Turai, wato na biyu, da tagulla a gasar duniya. Sai a 2006, a birnin Turin na Italiya, suka hau mumbarin Olamfik da lambar tagulla. Ita ce lamba ta farko da Yukiren ta taɓa samu a wannan wasa a Olamfik. A ranar, Elena tana da shekara 31, Ruslan yana da 33. A shekarar kuma suka yi ritaya. Ku sake ji: na 15, na 9, na 3. Kimanin shekara 16 suna tare kafin wannan rana ta zo.

Me ya riƙe su tsawon wannan lokaci? Mutum ba ya jure shekara 16 a abin da bai san matsayinsa a ciki ba. Su kuwa kowace shekara suna da gasa ta ƙasa, da ta nahiya, da ta duniya. Kowace gasa ana rubuta sakamakonta. Wanda ya zo na 18 ya san mutum 17 ne a gabansa, ya san sunayensu, ya san ratar makin da ke tsakani. Baɗi idan ya matsa gaba, ya ga shaidar guminsa a takarda. Mai horar da shi ya gani, mai ɗaukar nauyinsa ma ya gani. Wannan shi ne tsani. Akwai kuma darasi na biyu, mai ɗaci. Ranar 24 ga Agusta 1991 Yukiren ta ayyana 'yancinta daga Tarayyar Sobiyet. Kwana uku bayan haka, ranar 27 ga Agusta, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Sa'o'in juna ne. A shekarun farko na 'yancin, tattalin arzikin Yukiren ya durƙushe, kuɗin wasanni ya ƙafe. Masu horarwa da 'yan wasa suka yi ta ƙaura. Oksana Baiul, wadda ta yi horo a Odesa ta ci zinare a Olamfik ta 1994, ta koma Amurka tare da mai horar da ita. Elena da Ruslan ma suka bi sahu a 1997, suka ci gaba da horo a can, ko da yake tutar Yukiren suka ci gaba da ɗagawa. Ma'ana, idan matakin tsani ya karye a gida, gwani yana neman inda zai taka, ko da a wata ƙasa ne.

To, jama'a, mu baro ƙanƙara. Kashi na uku, mu tsallaka iyaka kusa da mu. Daga Kalgo, ka bi ta Bunza, ka kai Kamba, kana leƙa Gaya ta jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar. Harshenmu ɗaya, geronmu ɗaya, kokawarmu ɗaya. Amma a 1975 Nijar ta yi wani abu. Ta kafa gasar kokawa ta ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe. Tun daga nan ake ta yi, har ta zama gasar takobi da kuka sani. Jihohi takwas ke zuwa: Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha na kawo 'yan kokawa goma, jimilla 80. Kowace shekara gasar na sauka a wata jiha. Ba a wayi gari kawai a ce wane ya wakilci jiha ba. Sai ya kayar da na yankinsa, an tace, an sake tacewa. Akwai alƙalin wasa, akwai lokacin da aka ƙayyade, an kuma fayyace abin da ake kira kaye. Rediyo da talabijin na ƙasa na watsawa kai tsaye. Shi ya sa yaro a Dosso zai iya lissafa maka su Kantu da Salma Ɗan Rani, har zuwa Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, wanda ya ɗaga takobi sau da dama, ciki har da na Agadas a ƙarshen 2023. Da yawa daga cikinku kun bi waɗannan karawa ta rediyo ko ta waya. Shin Allah ya ba mutumin Dosso ƙashin da bai ba mutumin Gwandu ba? Ko kusa. Tsani aka kafa masa.

Kada a ce sai a Nijar. A nan Najeriya ma akwai shaida. Mutanen Ijo na Jihar Bayelsa suna da kokawarsu ta gargajiya, kamar yadda muke da tamu. Daga cikinsu Daniel Igali ya fito. A 1994 ya je gasar ƙasashe renon Ingila a Kanada, ya zauna can. A 2000, a birnin Sidni, ya ci zinare a kokawar Olamfik, amma Kanada ya ci wa. Kun ga ciwon Odesa ya maimaita kansa, har ya zarce: gwani namu, lamba ta wasu. Daga baya Igali ya dawo gida, ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa, Bayelsa ta zama cibiyar horo. A Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021, Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta ci azurfa. Ita ce lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa. Shekara 21 tsakanin zinaren da ya tafi da azurfar da ta zo gida.

Yanzu kashi na huɗu, mu dubi kanmu. Kaka ta yi, an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. La'asar ta yi sanyi. Makaɗi ya saki ganga a dandali, yara sun zagaye fage, mai gyaɗa da mai rake sun kafa. Wani saurayi ya fito, shekararsa ba ta wuce 17 ba. Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Ya sunkuya, idonsa a kan ƙafar abokin karawa. Suka kama juna, suka yi ta turereniya, ƙura ta tashi. Can ya sa harɗiya, ya juya ƙugu, sai ga babban mutum a ƙasa. Wuri ya kaure da sowa. Aka ɗaga shi sama, wani ya manna masa ɗari biyar a goshi, makaɗi ya wasa shi. Magariba ta yi, kowa ya watse. To ina tambaya. Wa ya rubuta sunansa? Wa ya san nauyinsa? Wa zai gaya masa cewa nan da mako uku zai kara da zakaran ƙauyen gaba, in ya yi nasara ya tafi hedikwatar ƙaramar hukuma? Sau da yawa babu. Nan da wata guda ya ɗauki jaka ya tafi cin rani, ko Legas ko Fatakwal, ko ya kama kabu-kabu a Birnin Kebbi. Bayan shekara biyar, sai dai a ce, "Ai wane ya yi ƙarfi a zamaninsa." Elena da Ruslan a irin wannan shekaru suna matakin farko ne, da sauran shekara goma sha wani abu a gabansu. Namu kuwa a matakin farko yake gamawa.

Abin takaicin shi ne matakan sama suna nan. Akwai bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro tun 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, kuma ana kokawa da dambe a cikinsa. Akwai bikin Uhola a ƙasar Zuru, inda kokawa ke da babban matsayi a al'adar Dakarkari. Akwai bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, kuma kokawa da dambe da langa suna cikin wasannin gargajiyar da ake yi a cikinsa. Akwai gasar kokawa ta ƙasashen ECOWAS. Akwai filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. Duk suna nan. Amma wa zai hau soro da tsanin da matakansa na ƙasa suka ɓalle? Gasar unguwa, gasar mazaɓa, gasar ƙaramar hukuma, gasar masarauta, kowace da ranarta sananniya da littafinta: waɗannan ne ya kamata su tsaya daram kowace shekara, ba sai an ji labarin babban biki a shiga neman wanda za a tura ba.

Kashi na biyar, na masu ja da wannan magana, kuma suna da hujjoji da suka cancanci amsa. Na farko malami ne. Zai ce, "Wannan ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ce, hubbarensa na nan Gwandu. Gadonmu karatu ne. Fagen kokawa kuwa cike yake da layu da guraye da caca da tsiraici, ga wasa da lokacin salla." Allah ya gafarta Malam, abin da ka lissafa akwai shi, ba wanda zai musa. Amma mu raba kokawa da abin da aka liƙa mata. Malaman sira sun kawo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana, ƙaƙƙarfan Ƙuraishawa, ya kayar da shi. Labarin ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi, duk da cewa malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi. Sun kuma kawo labarin samari biyu, Samura ɗan Jundubi da Rafi'u ɗan Khadiji, da suka yi kokawa gab da yaƙin Uhudu don a ga wanda ya isa fita. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake cewa shi ne, ɓarnar da Malam ke gudu ta fi yawa a fagen da ba shi da mai shi. Fagen da ke da doka shi ne ake iya cewa a sa wando mai rufe al'aura, a tashi in an kira salla, a hana caca, a hana ƙwaya. Inda babu tsari, wa zai hana? Saboda haka mai kishin addini ya fi kowa cancantar zama cikin kwamitin da zai tsara gasar.

Na biyu mai lissafi ne. Zai ce, "Ana fama da tsadar taki, da ambaliya a fadama, da rashin tsaro a sassan jiha, da azuzuwan da ba rufi. Kokawa ce abin yi?" Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan ce a ɗebi kuɗin asibiti a kai fage ba. Amma mu yi lissafin tare. Filin ƙanƙara yana cin wutar lantarki dare da rana, ga injin daskarewa, ga takalma masu tsada. Fagen kokawa fa? Tifa ɗaya ta yashi, buhunan da za a kewaye shi, usur, agogo, sikelin auna nauyi, da littafi mai bango mai ƙarfi. Yashi muna da shi a gulbi. Sikeli akwai a asibitocinmu. Wanda zai rubuta kuwa, kowane gari yana da malamin firamare. Game da tsaro, ku saurari wannan. Akwai wasu 'yan rawar ƙanƙara biyu 'yan birnin Kharkiv, Oleksandra Nazarova da Maksym Nikitin. Sun dawo daga Olamfik ta Beijing a Fabrairun 2022. Ranar 24 ga watan, Rasha ta afka wa ƙasarsu, bama-bamai suka yi ta sauka a birninsu. Da ƙyar suka fita. Bayan wata ɗaya suka bayyana a gasar duniya a Montpellier ta Faransa, ba tare da isasshen horo ba, sanye da riguna masu launin tutarsu maimakon kayan ado. 'Yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Zagaye ɗaya suka yi, suka janye daga na biyu, don kiɗansa na murna ne, ƙasarsu kuwa tana makoki. Wasa bai tsayar da yaƙin ba, kuma kokawa ba za ta kori ɗan bindiga ba. Amma al'ummar da ke cikin wahala tana buƙatar abin da zai tara samarinta a wuri ɗaya, a gaban dattawa, da rana tsaka. Saurayin da ke da karawa ranar Juma'a mai zuwa yana da dalilin kwanciya da wuri, da dalilin ƙin abin da ake miƙa masa a bayan tasha.

Na uku shi ne masoyin gargajiya. Zai ce usur da agogo da sikeli za su kashe armashi, su kori makaɗi da kirari. Ya dubi Nijar. Tun 1975 ana wannan gasa da doka, ganga ba ta yi shiru ba, kirari bai mutu ba, sai ma ya shiga gidan rediyo. Ya kuma tuna da ɗan dambe Shago. Mun san shi ne domin mawaƙi Ɗan Anace ya wasa shi, aka ɗauka a faifai. 'Yan dambe da 'yan kokawa nawa ne na zamaninsa da ba su samu mawaƙi irin wannan ba, sunansu ya bi ƙura? Littafi ba ya korar makaɗi. Yana tsare sunan wanda makaɗi bai kai gare shi ba. Sikeli kuma yana kare yaro mai kilo 60 daga a haɗa shi da mai kilo 100 ya karye a banza.

Akwai wata damuwa da ni ma nake ɗauke da ita, kuma dole a faɗe ta. Rayuwar ɗan wasa gajera ce. Elena ta ajiye takalmi tana da shekara 31. Ɗan kokawa ma gwiwa da ƙugu ba sa ba shi fiye da haka da yawa. Saboda haka tsanin da nake kira a kafa dole ya jingina da makaranta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 18 kada a rubuta sunansa sai ya nuna yana zuwa aji, ko na boko, ko na Islamiyya, ko wurin koyon sana'a. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Babu abin da zai hana zakaran Kalgo ya zama ɗalibinta.

Jama'a masu saurare, lokaci ya ja, sai kira. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwa, Allah ya ja zamaninku, ku ware rana ɗaya bayan kakar bana, ku sanar da ita tun yanzu, ku ce ita ce ranar kokawar garinku kowace shekara. Shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo, ranku ya daɗe, ku sa ranar da zakarun mazaɓu za su haɗu a hedikwata, ku aika sunan wanda ya yi nasara zuwa Birnin Kebbi a rubuce. Malamai, ku zauna cikin kwamitin ku shimfiɗa iyaka. Malam na firamare, ka sayi littafi, ka rubuta suna, da gari, da shekaru, da nauyi, da wanda ya kayar, da kwanan wata, ka kai fada a ajiye. Attajiranmu, buhun shinkafa ko keke ya isa kyautar shekarar farko. Ku kuma samari, kada wanda ya faɗi bana ya yi zuciya. Ya dawo baɗi a sake rubuta sunansa. A fara da kakar nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.